Kwanon Wasa-wasa Daga Sokode Zuwa Dapango

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na fara hawa jirgin sama, ina rungume da kwanon abinci kamar mai rungume da jariri. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun sha tambayata abin da ya sa tsofaffin ma'aikata suke ce mini Idi Mai Kwano. To, yau ga amsar.

A zamanin Faransa ne, bayan babban yaƙi, 'yan shekaru kafin Togo ta karɓi mulkin kanta. Ina saurayi, ina aiki a filin jirgin Sokode. Kada ku ji an ce filin jirgi ku tuna da irin na yanzu. Doguwar shara ce aka yi a daji aka daɓe jar ƙasa, sai rumfa guda, da gangunan mai, da wata doguwar jakar ƙyalle a kan sanda mai nuna inda iska ta nufa. Ni lebura ne, babu muƙamin da ke ƙasa da nawa. Aikinmu yankan ciyawa, da cike ramukan gara, da korar dabbobi. In jirgi ya sauka mu tokare ƙafafunsa da katako, mu ɗura masa mai ta mazurari mai fatar tacewa. Shugaban filin shi ne Shef Kwami, mutumin kudu, mai faɗa da baki da taushin zuciya. Jiragen kuwa ƙanana ne na gwamnati, masu ɗaukar mutum uku ko huɗu, kuma sai a yi makonni ba a ga ko ɗaya ba.

Akwai ƙa'idar da ya kamata ku sani, don a kanta labarin ya rataya. In jirgi zai tafi wani fili, waya biyu ake bugawa. Ta farko tun ana gobe, don mai kula da filin can ya kori dabbobi ya duba ƙasa. Ta biyu kuma a lokacin da jirgin ya ɗaga. Haka nan man da jirgi zai sha a filayen arewa ba ya bin sama, a mota ake kai shi tun da wuri a ajiye.

Kai man nan ne ya fara kai ni Dapango. A taswirar da ke manne a rumfarmu, tsakanin Sokode da Dapango ta sama kilomita ɗari biyu ne da ɗoriya, Shef yana rufe shi da tafin hannu ɗaya. A ƙasa kuwa wani abu ne daban. Ka hau duwatsu ka sauka, ka wuce Kara, ka jira kwale-kwalen fito a kogin Oti kusa da Mango, in damina ce mota ta kafe ku kwana a hanya. Kakanninmu fatake da jakuna suke bin ta, suna lissafa ta da zango-zango.

A Dapango aka sauke ni a zango, unguwar fatake da baƙi, a gidan Baba Nuhu, babban mahauci mai saukar da baƙi. A nan na ga 'yarsa Salamatu. Ruwa kawai ta kawo mini a ƙwarya, ta durƙusa ta ce, "Sannu da hanya." Na sha ruwan nan har ya ƙare ban san ya ƙare ba, ina ta kafa baki a busasshiyar ƙwarya, ita kuwa ta rufe fuska da gefen mayafinta ruwan ɗorawa tana dariya. Tun daga ranar, in na ɗaga kai ina duban sama don jiran jirgi, fuskarta nake gani a cikin gajimare. Duk lokacin da za a kai mai arewa, ni ne na farkon ɗaga hannu, har abokan aiki suka gane suka fara tsokanata.

Da na ga ita ma hankalinta ya kwanta da ni, sai na sami Baba Nuhu a zaurensa na faɗi abin da ke raina. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce:

"Idrisu, ban ga aibunka ba. Kana salla, kana da sana'a, ko da yake ban gane sana'ar jiran tsuntsu ba. Amma ni na yi wa kaina alkawari. Ina da ƙanwa, Hadiza, uwa ɗaya uba ɗaya. Aka aurar da ita can kudu. Ta yi ciwo, ta rasu, aka binne ta, damina ta wuce, sannan wani baƙo mai goro ya ba ni labari a bakin kasuwa, yana zaton na sani. Tun ranar na ce ba zan aurar da 'yata inda in an dafa abinci a gidanta ba zai iso ni da ɗuminsa ba. Yayyenta duk ga su nan a unguwa. Sokode ta yi nisa, ɗana. Ka yi haƙuri."

Na koma Sokode kamar wanda aka zare wa laka. Ina yankan ciyawa ina magana ni kaɗai. Wata rana Shef Kwami ya same ni na zuba wa sandar iska ido, lauje a ƙasa.

Ya ce, "Kai Idi, jakar nan matarka ne? Tun safe kana kallonsa."

Na ba shi labari duka. Ya yi tsaki, ya kira ni sakarai, ya tafi. Na ɗauka maganar ta mutu.

Bayan damina ta ja baya, sai aka ce jirgi zai kai akwatunan magani asibitin Dapango, ya sauke ya juyo a ranar. Mai kula da filin can, wani Bamobe, wato ɗan ƙabilar yankin, mai suna Duti, bai daɗe da kama aiki ba, bai saba da ɗura mai ba, don haka dole a tafi da wani daga cikinmu. Akwai waɗanda suka girme ni a aiki. Amma Shef ya kira ni gefe ya ce:

"Gobe da safe kai za ka bi Kaftin. Tsoho ya ce abinci da ɗumi, ko? Bai ce a kan jaki ba, bai ce a kan mota ba. Ka je ka gaya wa uwarka ya dafa abu mai riƙe zafi. In ka yi amai a jirgin gwamnati na kore ka."

Na yi ta godiya. Na durƙusa, ya ce in tashi kada in ɓata masa takalmi.

Gwaggona Adama ce ta riƙe ni tun ina ƙarami, a ɗakinta kuma amaryata za ta fara zama in Allah ya yi. Da na gaya mata, sai ta ce wasa-wasa za ta yi, abincin garin doya da ake turarawa, wanda Sokode ta yi suna da shi. Da sassafe ta sauke shi daga madambaci yana tururi, ta danna shi a kwano mai murfi, ta zuba mai da yaji, ta ɗaure da ɗan ƙyalle. Na ce ta ƙara naɗe shi da bargo.

Ta ce, "Bargo na me? Ba ta kusa da rana za ku bi ba? Ka dai yi hankali kada ya ƙone."

Ni ma na ga maganarta gaskiya ce. Wanda yake ƙasa ma rana tana gasa shi, ina ga wanda ya matsa kusa da ita? Na bar bargon.

Matuƙin jirgin Bature ne, wani gajere mai jan gashin baki, kowa Kaftin yake ce masa. Ba ya yawan magana. Ya dubi kwanon, ya dubi Shef, Shef ya yi masa 'yar magana a kunne, ya ɗaga kafaɗa ya nuna mini kujerar da ke gefensa. Muka ɗaure akwatunan magani a baya, aka cire katakon ƙafa, aka ruga gidan waya don buga ta biyu. Jirgi ya yi gudu, ya yi gudu, sai na ji ƙasa ta sake mu.

Wallahi duk abin da na karanta a littattafai game da kyan duniya bai kai abin da na gani ba. Sokode ta koma kamar an watsa tsabar gero a tabarma. Duwatsun da mota ke hawa tana kuka suka zama kamar kunyoyin doya. Hanyar da na sha wahala a kanta ta zama jan zare. Na ce a raina, ashe duk abin da ya raba ni da Salamatu bai fi wannan zaren ba.

Ina cikin wannan mafarki sai na ji haƙorana suna haɗuwa. Sanyi! Iska tana shigowa ta kowace kafa, mai sanyi kamar ruwan randa. Na taɓa murfin kwano, na ji zafinsa yana gudu. Na cusa shi cikin rigata, na duƙa a kansa, na haɗe gwiwoyi. Kaftin ya waiwayo, ya yi ihu don ƙarar inji ba ta barin a ji magana, yana tambaya da Faransanci ko cikina ne ke ciwo. Na tattara 'yar Faransancin da na iya na yi ihu ni ma: abinci, uban yarinya, zafi, aure. Ya mai da kallonsa gaba. Can sai ya riƙe sandar tuƙi da gwiwoyinsa, ya zare rigarsa ta fata mai gashin tunkiya a ciki, ya jefo mini. Na naɗe kwanon da ita. Shi kuwa ya ci gaba da tuƙi da 'yar shara, gashin hannunsa duk a tsaye.

Muka wuce Oti yana walƙiya kamar an yar da sarƙar azurfa, muka bar Mango a gefe. Tafiyar da nake yi a kwanaki, ga ta ta ƙare kafin hantsi ya yi zafi. Dapango ta bayyana. Na hango zango, na hango masallaci, har na yi ƙoƙarin gane rufin gidan Baba Nuhu. Sai na ji Kaftin ya saki wata kalma da ba zan maimaita muku ba. Na duba ƙasa. Filin jirgin cike yake da shanu, daga wannan kai har wancan.

Daga baya na ji yadda aka yi. Shanun na Baba Nuhu ne. An yarda masa ya riƙa kiwonsu a filin, don suna rage wa Duti aikin yankan ciyawa, da sharaɗin in waya ta zo ya janye su. To, ruwan ƙarshen damina ya kayar da turakun waya a hanya, ba a gyara ba sai a safiyar nan. Wayar jiya da ta yau suka iso tare. Duti ya ruga zango ya sami Baba a zaure, ya ce jirgi ya taso daga Sokode, a kwashe shanu yanzu-yanzu.

Baba ya ce, "Daga ina?"

"Sokode, Baba."

"Yau ya taso?"

"Yau."

"To zauna ka sha koko. Tun da aka yi filin nan, kullum in an kawo labari sai washegari yake isowa. Na lura da shi sarai, kwana yake yi a hanya. Da yamma a kwashe su."

Shi a iya saninsa, wayar farko ita ce ta tashin jirgi, kuma kwana ɗaya daga Sokode ma ai gudu ne na ban mamaki. Duti yana rantsuwa, Baba yana miƙa masa ludayi, sai suka ji ƙararmu a kansu.

Mu kuwa muna sama muna kewaya. Kaftin ya sauko ƙasa-ƙasa ya wuce ta kan shanun don su watse. Suka watse ɗin, amma a cikin filin, wasu nan wasu can, abin ya fi da muni. Ya nuna mini agogon mai, ya nuna kudu da babban yatsa, ya ce, "Mango." Na gane. In ba a buɗe fili da wuri ba, Mango za mu sauka, maganin ya ƙarasa a mota. Ba zan ga laifinsa ba, ƙa'idar aiki ke nan, ba a wasa da mai a sama. Na ƙanƙame kwanon. Ban roƙe shi ba, don na san abin da ke wuyansa. Addu'a kawai nake yi, hawaye suna sauka a kan rigar fatarsa.

Ya dube ni. Ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya sake kwantar da jirgin muka yi wani kewayen, mai faɗi, a hankali.

A wannan kewayen ne na ga mutane sun ɓarke daga zango a guje. Mahauta da sanduna, mata da zannuwa suna kaɗawa. A can baya wani dattijo ya tattare babbar riga a kafaɗa yana gudu irin na wanda ya daɗe bai yi ba. A gaban kowa kuwa, nesa da kowa, wani ɗigo ne ruwan ɗorawa yana tashi kamar malam-buɗe-littafi. Ko daga sama na san mayafin. Suka jeru suka tura shanun gefe guda. Duti ya cinna wa ɗanyar ciyawa wuta a bakin fili, hayaƙi ya miƙe ya nuna mana iska. Muka sauka, muna tsalle a kan kashin shanu.

In inji ya tsaya, aiki ne farko. Na ajiye kwanon a kujera, na dira na tokare ƙafafu, muka kwashe akwatunan magani zuwa inuwa, don ba sa son rana. Ina yi zuciyata tana kan kujera. Da na gaya wa Duti abin da ke cikin rigar fata, sai ya matso ya raɗa mini:

"Kawo shi mu ɗora a kan hancin jirgi. Inji yana da zafi, tsoho ba zai sani ba."

Na so, ba zan ɓoye muku ba. Amma na ce a'a, yadda ya iso haka zan miƙa shi. Na juya zan fara mirgino gangar mai, Kaftin ya dafa ta da ƙafa, ya miƙo mini kwanon da kansa, ya nuna mini gindin ɗorawar da Baba Nuhu ya zauna yana haki.

Na durƙusa a gabansa. Ya buɗe ido ya ce, "Idrisu? Kai ne a cikin abin nan?"

"Ni ne, Baba. Gwaggona ta ce a gaishe ka. Ta dafa wannan da safen nan a Sokode."

Mutane suka matso suka kewaye mu. Duk zango sun san alkawarin Baba. Aka kawo buta ya wanke hannu. Na warware rigar fata, na kwance ƙyalle, ya ɗaga murfi. Babu tururi ko kaɗan. Ya taɓa sama, ya dube ni, ya ce, "Ya huce."

Na ji kamar a buɗe ƙasa in shige. Sai matarsa, Inna Hajo, uwar Salamatu, ta matso tana gyara ɗaurin zane, ita ma tana haki.

Ta ce, "Malam, a sama ake auna abinci? Kai da kake cusa hannu cikin bijimi ka taɓo hanta? Kai hannu ƙasa."

Ya nutsa yatsunsa har gindin kwano. Ya daɗe bai fitar ba. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai magana da wani da ba ya wurin, "Da ɗumi."

Inna Hajo ta ce, "Da ba ka tsare shi a sama da shanunka da kokonka ba, da sai ya ƙona ka."

Aka fashe da dariya, har shi. Ya ɗebo loma ya ci, ya ƙara. Ya ce yaji ya yi yawa, mutanen Sokode ba su da tausayi. Sannan fuskarsa ta koma yadda take a zaure ranar da ya hana ni.

Ya ce, "Ɗana, abinci ya iso. Amma tsuntsun nan ba naka ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Kaftin da ke tsaye a gefe ya tambayi abin da tsoho ya ce, Duti ya fassara masa. Ya murza gashin baki ya yi magana gajeriya. Duti ya juyo ya ce, "Baba, ya ce shi ma ba nasa ba ne. Amma duk ranar da ya zo arewa, akwai wurin kwano ɗaya a bayan kujeransa. Ni kuma na ce, in labari ne, waya yana nan. In 'yarka ya yi ko ciwon kai, ni zan kawo maka da ƙafata, ko ka ba ni koko ba zan zauna ba."

Baba Nuhu ya dubi Baturen da ke tsaye da 'yar shara, ya dubi Duti da hayaƙi ya sa idonsa ja, ya dubi inda Salamatu ta ɓuya a bayan uwarta. Ya rufe kwanon ya ɗora a cinyarsa.

Ya ce, "Ka turo manyanka. Su biyo ta ƙasa, ban shirya wani gudun ba."

Aka yi aure kafin wata damina. Kaftin ya cika maganarsa. Ba kullum jirgi ke tafiya ba, wani lokaci sai a daɗe, amma duk ranar da zai nufi Dapango, Salamatu takan tashi da wuri ta ɗora madambaci, kuma ba a sake barin bargo ba. Da aka mayar da Kaftin wani wuri, ya gaya wa wanda ya gaje shi, shi ma ya gaya wa na bayansa. Babu takardar da ta ce a yi haka. Ranar da ciwon ajali ya kama Baba Nuhu, Duti ne ya je gidan waya da kansa, Shef Kwami ya nemo wa Salamatu wuri a motar da ke tafiya arewa, ta isa ta same shi da ransa, ta ba shi ruwa da hannunta.

Kaftin ban ma san sunansa na gaskiya ba. Shef da Duti da Gwaggo duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya saka musu da alheri. Abin da nake so ku riƙe, ku da kuke aikin nan yanzu, shi ne nisan da ke taswira ba ya canzawa, amma ba shi kaɗai ke kai mutum ba. Jirgi yana iya cinye tafiyar kwanaki kafin hantsi, ya zo ya tsaya a sama saboda ba a shirya masa ƙasa ba. Mai buga waya, da mai korar shanu, da mai kunna hayaƙi, da shugaban da ya lura yaronsa na cikin damuwa, su ne suke matso da gari kusa da gari. In kun ga fasinja ya ƙanƙame wani ƙunshi da bai kai komai ba a idonku, ku sama masa wuri, ba ku san abin da ke ciki ba.

Salamatu tana nan, ta tsufa, har yau ba ta daina yi mini dariya ba. Na karanta mata wannan kafin in kawo muku. Da na zo wurin mayafi ruwan ɗorawa sai ta ce in gyara, wai ita shanun ubanta ta je ceto, ba ta ma san ina cikin jirgin ba. Na ce to me ya sa ta riga kowa isa? Ta ce in rufe baki in ci abincina tun da ɗuminsa.